Farin Tantin da Surukata Ta Ɗaure

Shekaru sun cinye mini abubuwa da yawa, har fuskokin wasu ƙawayena na ƙuruciya sun ɓace mini, amma ba zan taɓa mantawa da yammacin da farin tantina ya rufto mana ni da surukata ba, a bayan garin Dakoro, zamanin da kumandan Nasara yake zaune a bariki.

Ni ɗiyar manoma ce, cikin gero da gyaɗa na tashi. Mijina kuwa danginsa makiyaya ne, Buzaye da suka gangaro daga arewa tun zamanin kakansa, suka zauna gefen garinmu har Hausa ta zauna a bakinsu. A bakin rijiya na fara ganinsa yana shayar da raƙuma, dogo, rawani ya rufe masa komai sai idanu. Littattafan soyayyar da jikokina suke sayo mini a kasuwar Maraɗi, tun da na koyi karatu da girmana, sukan ce zuciyar budurwa ta buga da ƙarfi. Ni ban ji wani bugu ba, guga kawai na saki ya koma rijiya da igiyarsa. Iyaye suka amince, aka ɗaura mana aure da bazara.

Al'adarsu ita ce da zarar shuka ta tsiro sai dabbobi su bar wa manoma ƙasa, a yi arewa da su, ba a dawowa sai kaka. Kuma a wurinsu tanti na mace ne. Ita take zuwa da shi, ita take kafawa, ita take kwancewa, namiji baƙo ne a ciki. Surukata gajeruwar mace ce marar yawan magana. Ta kira ni wata safiya ta ce:

"Ɗiyar nan, cikin ɗakin laka aka haife ki, daji kuwa ba shi da katanga. Ki kafa tantinki nan gefen namu. In ruwan farko ya iske ki ciki kika fito a bushe, ki bi mu. In ya jiƙa ki, ki zauna gidan ubanki sai mun komo."

Ba da faɗa ta faɗa ba, tana magana tana tsefe igiya. Amma ni na ji abin da ke ciki: damina guda cur ba ango.

Ta yi mini tayin wani tsohon tantinta na fatun awaki, wanda aka shafe da man shanu da jan ƙasa. Na leƙa ciki, duhu, ga shi gajere sai mutum ya duƙa, ga warin mai da hayaƙi. Na tabarmar kaba kuwa kowa ya san na rani ne. Zuciyata tana wani wuri. Ina da kawu tsohon soja, ya dawo daga yaƙin Nasara da ɗingishi da wani tanti na zane mai kauri, a naɗe a ƙuryar ɗakinsa. Na taɓa ganin an buɗe shi sau ɗaya ina yarinya: fari, dogo, mutum yana tsayuwa a ciki, har da ƙofa mai zare da ake ɗaurewa. Tun kafin na roƙe shi na riga na gan mu a ciki ni da maigida, butar shayi a kan garwashi, ruwa yana kiɗa a samanmu, hasken yamma yana ratsa zanen yana sauka a fuskarsa.

Kawu bai hana ni ba. Ya sa muka shimfiɗa shi a tsakar gida muka kwara masa ruwa ya bushe, muka sake, wai don zaren ya kumbura ya toshe ramukan allura. Sannan ya nuna ni da sandarsa.

"Ke amarya, buɗe kunnenki. Wanga ba fata ba ne, zare ne. In kin ga hadari ya taso, ki bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya ki sassauta su."

"Sassautawa, Kawu? Iska fa?"

"Iska ba ta kai ruwa ba. Shi da igiyarsa in sun sha ruwa tsukewa suke yi. In kika ɗaure shi tam, da kansa zai kayar da kansa. Na ga ya danne wani babban soja da kwanon abincinsa a hannu."

Na kafa shi a gefen jajayen tantunan dangin mijina, ya tsaya a tsakaninsu kamar balbela cikin shanu. Ƙannen mijina mata suka kewaye shi suna tafa hannu.

"Matarmu ta buɗe biro, ofishin Nasara! Ranka ya daɗe kumandan, ƙara muka kawo, akuya ta ci mana wake."

"Ku shigo da sallama," na ce, "kuma ku cire takalma."

"Wane takalma? 'Yar gero, ke kika saya mana?"

Maigida ba ya sa baki a sha'anin tanti, abin kunya ne ga namiji. Sai dai in ya zo wucewa da raƙuma ya rage tafiya, ya dubi tantin, ya dube ni, ya ce Allah ya sa ya riƙe. Wannan kalma nake juyawa a raina har rana ta faɗi.

Muka yi ta jira. Wata rana bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta fara kaɗa ƙaiƙayi. Nan da nan mata suka fito da gudu, kowace ta nufi igiyoyinta. Fata in ta jiƙe saki take yi, ta lotsa, ruwa ya taru a kanta kamar a ƙwarya, shi ya sa suke ja iya ƙarfinsu su ƙara doka turaku. Ni kuma na zagaya nawa na sassauta kowace igiya kamar yadda Kawu ya ce. Sai na tuna akuyar da babana ya ba ni tana ɗaure can gindin wata aduwa, na ruga in kwanto ta.

Da na dawo ina jan akuya, na tarar da tantina ya miƙe tsaf, ya ɗame kamar fatar ganga. Surukata tana tsaye da taɓarya a hannu, ta gama nutsa turakun cikin ƙasa har wuya, 'ya'yanta suna kakkaɓe hannuwa.

"Matarmu, da ba mu gani ba, da yanzu iska ta kai biro har garin Tawa!" in ji ƙaramar. "Haka ake ɗaure igiya a gidanku?"

Na dubi surukata. Matar da ta kafa mini sharaɗi ita ce ta bar nata tantin ta zo ta gyara nawa, tana haki, gumi a goshinta. Amarya kuma ba ta gyara wa uwar miji aiki a gaban 'ya'yanta. Na dai iya cewa, "Inna, Kawu ya ce…" sai ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ta tura ni ciki da akuyata, ita ma ta shigo, wai da idonta za ta gani.

Da farko ko ɗigo babu. Ruwa yana dukan zanen yana gangarewa, ciki fes, da haske kamar yadda na yi mafarki, sai dai a maimakon ango surukata ce zaune a kan tabarma, tana ɗaga kai tana bin ɗinki da ido. Har ta gyaɗa kai sau ɗaya. Daga nan igiyoyin suka fara kuka, wani siririn sauti kamar na gurmi. Sandar tsakiya ta soma lanƙwasa. Na fita cikin ruwan na kama ƙulli ɗaya, amma ƙullin makiyaya ne, ga shi ya sha ruwa ya zama dutse, farcena ya karye bai motsa ba. Na koma ciki in ce mata mu fita. Da turakun sun tumɓuke da abin ya zo da sauƙi, amma taɓaryar Inna ta yi aikinta. Ɗinkin sama ne ya yage daga wannan baki zuwa wancan, sanda ta faɗi, jiƙaƙƙen zane mai nauyin gaske ya kwanta a kanmu.

Muka zauna a ƙarƙashinsa, kafaɗa da kafaɗa, ruwa yana bin bayanmu. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta zage ni ba. Ta ce, "Mi ya faru?"

Na gaya mata abin da Kawu ya koya mini.

"Da gangan kika sake igiyoyin?"

"I, Inna."

Can ta ce, "Ɗaga can gefen, akuyarki tana taka mini ƙafa."

Washegari ta tara matan gidan, ni ina gefe kaina a ƙasa, na riga na fara lissafin komawa ɗakin mahaifiyata. Ta ce:

"Na ce in ta fito a bushe ta bi mu. Ba ta fito a bushe ba, ni ma ban fito ba. Hannuna ne ya ja igiyar. Ɗiyar nan za ta bi mu." Ƙannen mijina suka fara guɗa, ta ɗaga hannu. "Amma wancan farin ba zai bi mu ba. A daji hadari zai taso tana rijiya, kuma babu macen da za ta ga igiyar maƙwabciyarta a sake ta wuce. Ko an gaya mana yau, gobe hannu zai manta."

Ba ta sake yi mini tayin tsohon tantinta ba. Kowace mace ta shiga ta fito da abin da take da shi na fatar akuya jemammiya, wata ɗaya, wata biyu, muka zauna a inuwa muna ɗinki har kwanaki, suna koya mini yadda ake haɗa baki da baki da yadda ake murza man shanu har fata ta ƙoshi. Da na mayar wa Kawu kayansa, ya buɗe ya daɗe yana duban yagewar, sannan ya ce mata sun yi abin da yaƙi ya kasa yi.

Na bi su arewa a wannan damina, da wasu da yawa bayanta. Jan tantina duhu ne, sai an duƙa ake shiga, warin mansa kuma har a gashina. Ruwa ya sha dukansa ina can nesa wajen itace ko rijiya, in dawo in tarar wata ta ja mini igiya, shimfiɗata a bushe.

Tantin Kawu ba shi da laifi, a hannun sojoji ya yi shekaru bai ɗiga ba. Abin da na koya shi ne, in za ka zaɓi abin da zai rufe ka daga ruwa, kada ka tsaya ga kyansa ko ƙarfin zarensa kawai. Ka dubi mutanen da za ka zauna a cikinsu, ka zaɓi wanda hannunsu ya sani, domin ranar da hadari zai taso ba lallai kana gida ba.