"Bummer" da tukunyar maƙwabciyata

Shekarun baya, lokacin da korona ta kulle mu a Kuala Lumpur, ina ɗauke da cikin fari, muna zaune a wani ɗan gida a saman bene a unguwar Setapak. Mahaifiyata ta gama shirin zuwa yi mini wankan jego, har ta ƙulle kanwa da daddawa, sai aka hana jirage shigowa. Ni kuwa dama matsoraciya ce, ko kaina ya sara sai na fara tunanin wasiyya. Na sa a raina in ban yi wankan nan ba, sanyi zai shige ni har tsufa.

Maƙwabciyata 'yar ƙasar ce, sa'ata, tana zaune da tsohuwarta. Ta baranda muke gaisawa. Da guntun Turancina na gaya mata Mama ba za ta zo ba. Ta yamutsa fuska ta ce, "Bummer lah."

Na koma ciki na sami maigidana yana fama da karatunsa a kwamfuta.

"Malam, mene ne bummer?"

"Abin da suke cewa in an sa rai an rasa. Kamar ki sauka shagon abinci na mamak sayen gurasar roti ki tarar sun rufe."

"Roti? Uwar tawa ce roti?"

Ya kwashe da dariya. "Ke dai da neman magana! Ko babban abu ne suna faɗinta, in mutum ya rasa ta cewa."

Ban saurare shi ba. Na daina fita baranda, ina ta fushin da ba wanda ya san ina yi.

Bayan na haihu, washegarin da aka sallamo ni daga asibiti aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maigida ya buɗe, sai ga ƙatuwar tukunya a ƙasa tana tururi, ganyayyaki na yawo a kai, ƙamshin citta ya cika gidan. Can nesa maƙwabciyata ce tsaye da tsohuwarta, kowacce sanye da takunkumin fuska. Ta ce tsohuwar ce ta dafa, su ma haka suke yi, mai jego ba ta taɓa ruwan sanyi.

Na tsaya baki buɗe. Ashe a wannan uwa duniyar ma ana wankan jego? Na kira Mama ta bidiyo na haska mata tukunyar. Ta ƙare mata kallo, sannan ta ce, "Ikon Allah! Maza shiga kafin ya huce. Ki ce wa baiwar Allahn nan na ba ta amanarki."

Kullum da safe tukunyar nan sai ta zo, har na yi arba'in.

Har yau Turancina bai yi nisa ba, amma na sha jin kalmar: a bakin yaran da ruwa ya hana wasa, da bakin babban mutum da ya rasa aiki. Yanzu in an yi mini jaje da gajeriyar kalma, ba na saurin auna mutum da ita. Tsohuwar nan ba mu taɓa jin yaren juna ba, kuma har muka bar ƙasar ban ga fuskarta babu takunkumi ba. Duk sallah tana cikin addu'ata.