Katin asibitin kamfani

A Arlit, idan ubanka yana aikin ma'adini kana da katin asibitin kamfani. Wanda ba shi da kati kuwa sai jiƙo da addu'a. Babanmu direban babbar mota ne, sunayenmu mu 'ya'yansa mata uku suna kan katinsa.

Ciwon daji na nono ne ya kashe Inna, shi ya kashe ƙanwarta kafin ita. A shekarar da 'yan tawaye suka dasa nakiyoyi a hanyar Agadas, kamfani kuma yana ta sallamar ma'aikata, yayata ta ji ƙullutu a nata nonon. Likita ya duba ta, ya tambayi tarihin gida, ita kuma da gaskiyarta ta zayyana masa komai. Ya ce a kawo mu duka a ɗebi jini a aika ƙasar waje, a ga ko abin na gado ne.

Wani ma'aikacin jinya, mutumin Tawa, ya ja Baba gefe. "Direba, kak ka yarda. In takarda ta ce gado na, asurans, inshorar kamfani, ba ta biya, su duka ukun a cire su daga kati."

Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ba, ba wanda ya je ya tambaya. Baba ya dawo ya ce ba jini, ba komawa asibiti. Saura wata huɗu aurena da wani akawun kamfani, kuma na san uwarsa, mace ce da ke binciken asalin akuya kafin ta sha nononta. Kalmar gado ɗaya ta isa ta fasa komai. Na goyi bayan Baba, har na fi shi zaƙewa.

Yaya ta sayar da 'yan kunnenta ta kama wuri a ayarin motocin da sojoji ke rakawa Agadas, don ta ga likita inda ba wanda ya san mu. Ni kaɗai ta gaya wa, muna tankaɗen gari.

"Ki rufa mini asiri, kwana uku ne."

"Allah ya kai ki lafiya, Yaya," na ce.

Ko garin ban kakkaɓe daga hannuna ba na je na gaya wa Baba. Ya same ta a tasha, ya sauko da ita gaban jama'a, ya karɓe ƙullin kayanta. Ba ta taɓa tambayata wa ya faɗa ba, kuma wannan shirun nata ya fi zagi ciwo.

Ita ta yi mini lalle da hannun hagu, don na dama ya daina ɗaguwa. Ɗakinta ya fara wari, muka riƙa turara shi kamar na amarya. Haushinta nake ji a lokacin, wallahi haushi, don baƙi suna tambaya.

Ta rasu bayan bikin da wata biyar. Ranar sadakar uku uwar mijina ta zauna kusa da ni a tabarma, ta dubi gwaggonmu ta ce, "Wai me ya same ta ne, yarinya da ƙuruciyarta?"

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi magana. Na riga ta.

"Zazzaɓi ne, Hajiya."