Na Gode Allah Da Ban Kai Wasan Juma'a Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ba albasa ruwa anka bugo mini waya, wai Baba Garba Mai Madubi ya rasu.

Na zauna bakin rijiya, inji na ta ɓarin ruwa ban ko kashe ba. Bayan salati, abin da ya fara fita bakina alhamdu lillahi ne. Ku bari in gaya muku dalili.

Ga wanda bai san shi ba, tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a Jega, mai duba jini da madubin likita, kuma aminin kakana. Don haka ni abokin wasansa ne, kuma na ci wannan gado sosai. Na ɓoye mai takalmi a masallaci. Na taɓa kawo mai zoɓo cikin kwalba na ce jinin akuyarmu ne, a duba mata hawan jini. Ya ɗaga kwalbar ya duba, ya shanye, ya ce akuya lafiya lau, mai ita ne ke buƙatar gado.

Da na ce ina son Saratu ta Maiyama, shi anka sa ya nema mini aure. Ya ce ba ya taka ƙafa sai na yi gwajin sikila, don ita an riga an san tana ɗauke da rabin abin. In ni ma ina da shi, magana ta mutu.

Tsoro ya kama ni, sai na fake da malanta. Na ce, "Tsoho, ni allo na karanta. Abin da Allah ya rubuta, madubinka na goge shi?"

Ya ce, "Ja'iri, in za ka shuka albasa, mi as sa kake zaɓen iri? Watsa kowane mana, ka bar wa ƙaddara."

Tsoho ya ka da ni. Ni fa!

Rannan ya ba ni labarin ɗiyansa da wanga ciwo ya ɗauke tun ban zo duniya ba. Ya ce madubi ya nuna mai jininsu ya lanƙwashe kamar lauje, ya gane yadda abin ke faruwa, amma madubi bai ba shi haƙuri ba, sai a sujada ya same shi. Tambayar kuwa, don mi yaron da bai yi laifin komai ba zai sha wuya haka, ya ce har yau yana juya ta, ya karanta masu tunani na gabas da yamma bai ƙare ta ba. "Amma ita tas sa ba ni iya ganin yaro zai faɗa in yi shiru."

Na yi ta ja da baya har rashin lafiya ta kwantar da shi. Sannan na tafi na ba da jini.

Jiya sakamako ya fito. Jinina lafiya lau.

Ku ji shaiɗan. Tun ina bisa mashin a hanyar gidansa na shirya zan ce mai an samu matsala, in bar shi yana juyi har Juma'a, sannan in zo da goro in fasa.

Bayan la'asar na shiga wurinsa, na ɓata fuska, na zauna bakin tabarma na ce, "Tsoho, ba a dace ba."

Na zaci zai zage ni. Sai ya lalubo hannuna ya riƙe, idonsa ya cika. Ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. Ni na raba ku. Allah ya ba ka wadda ta fi."

Bai taɓa ce mini ɗana ba. Kullum ja'iri.

Wallahi ban kai ƙofa ba. Na ce, "Ƙarya nike, Tsoho! Lafiya lau! A nemo mini matata!"

Ya jefe ni da hula, yana dariya yana tari. Ya ce, "Matarka? Amaryata dai. Ka gaya mata angonta na nan tafe, kai ɗan rakiya ne." Ya kira ƙanensa a gabana ya ɗora mai maganar neman auren.

Juma'a jibi ce, jama'a. Da na riƙe wasan nan, da ya tafi da baƙin cikin ya raba mu, ni kuma in ɗauki wannan har kabarina.

Allah ya jiƙan Baba Garba, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ya haɗa shi da ɗiyansa inda babu ciwo. Tambayar da ya daɗe yana juyawa, Allah ya ba shi amsarta da rahama.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mai Ƙulhuwallahu. Ana sallar jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansa.

Yau ni zan jera wa mutane takalma, ba ɓoyewa.