Farantin Matar Yaya

Shekarar da na koma gida Wurno wankan jegon fari, matar yayana tana cikin shekararta ta biyu a gidanmu, kuma har lokacin ba a daina ce mata Balarabiya ba. Ta gyara har ta gaji. "Ni ba Balarabiya ba," take cewa da Hausarta mai tuntuɓe, "ni Bafarisiya." Sai mata su kwashe da dariya su ce ai duk ɗaya ne. Yaya ya tafi ƙasarsu, Farisa, wadda ake kira Iran, karatun aikin madatsun ruwa, ya dawo da takarda da mata. Aiki ya kai shi Goronyo, can yake kwana, sai yammacin Alhamis muke ganinsa. Ita kuwa tana ɗakin da ke kusa da rijiya, tare da mu.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ita ta zo daga Rabah don ta yi mini wanka. Safe da yamma a tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganye ta dinga fyaɗa mini ina ihu, sannan a ɗura mini kunun kanwa. Ranar farko da matar Yaya ta ga wannan, fuskarta ta yi ja kamar gauta, na zaci za ta faɗi. Amma ba ta taɓa cewa hauka muke yi ba. Tambaya ta yi, aka ce al'ada ce, ta ce to. Daga ranar ita ke riƙe mini jaririya duk lokacin wanka, tana yi mata waƙa da harshensu.

Sanyi na ƙarewa, ana yankan alkama a fadama, sai ta roƙe ni cikin tafi ɗaya na alkama. Ta jiƙa ta, ta shimfiɗa a faranti, ta rufe da tsumma mai laima. Cikin 'yan kwanaki abin ya tsiro kore shar. Ta kira ni ɗakinta na ga ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ta jera kaya: farantin alkamar, tafarnuwar garinmu, tuffa biyu da Yaya ya sayo a Sakkwato, ƙwai da ta rina da lalle, madubi, da wani ɗan kifi yana yawo a kwanon gilas. A tsakiya ga Alƙur'ani, kusa da shi wani ƙaramin littafi mai bangon fata.

Ta ce sabuwar shekararsu ce. Su ba da wata suke lissafinta ba, ranar da dare da rana suka yi daidai, itatuwa suka fara toho, ranar shekara ke kamawa. Tun zamanin sarakunansu na da ake yi, Musulunci ya zo ya tarar da ita, mutane suka musulunta suka ci gaba da share gidaje da ziyartar tsofaffi da ɗinka wa yara sabbin kaya. Littafin kuma waƙoƙin wani tsohon mawaƙinsu ne, wai da wuya ka shiga gida a can ba ka same shi ba, har direban mota yana iya jawo maka baiti da ka. Nata na mahaifinta ne, duk gefen shafukan rubutun hannunsa ne, a filin jirgi ya cusa mata shi a jaka. Ranar kwana goma sha uku, in ji ta, kowa zai fita bayan gari a ci abinci a kan ciyawa, a jefa tsiron a ruwa mai gudu, tsohuwar shekara ta tafi da gajiyarta. Yaya ya yi alkawarin kai ta bakin ruwa a Goronyo.

Na tsokane ta na ce su suna murnar toho, mu nan zafi ne zai fara gasa mu. Ta yi dariya har da hawaye. Ban taɓa ganinta da walwala irin ta makon nan ba. Da yamma na ba Inna, mahaifiyarmu, labari a tsakar gida, har da maganar jefawa a ruwa, Gwaggo tana gefe tana tsinke zogale. Ni ban ɗauki abin komai ba.

Kwana huɗu bayan haka jaririyata ta tashi da zazzaɓi, jiki zafi rau, ta ƙi nono. Tun da hantsi matar Yaya take bin mu tana cewa, "Asibiti, Inna, asibiti." Gwaggo kuwa ta miƙe ta ɗaga labulen ɗakin baiwar Allah, ta leƙa, ta fito tana tafa hannu tana salati.

"Ku zaka ku gani! Madubi, ƙwai, tahwarnuwa, har da kihi mai rai! Mi ar rage? Wanga ba tsahi na ba? Kuma da kunnena na ji za ta kai ma mutanen gulbi. Ita ta ka riƙon ɗiyar kullum, tana yi mata surkulle ga kunne!"

Aka aika zaure aka kira Baffa, wan mahaifinmu, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifin namu. Malami ne na gaske, mutane daga Achida da Rimawa suna zuwa ɗaukar karatu a gabansa. Ya shigo, ya sa aka ɗauke Alƙur'anin da ladabi, sannan ya buɗe ƙaramin littafin. Haruffan irin namu ne, amma ya duba sama ya duba ƙasa, bai iya haɗa kalma biyu ba. To, malamin da ya shekara arba'in ana tambayarsa yana ba da amsa, a gaban mata kuma, ina zai iya buɗe baki ya ce bai sani ba? Sai ya rufe ya ce hatimai ne.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Daga baya ne na san cewa da yawa cikin malaman da suka tattara hadisai, da waɗanda suka tsara nahawun da Baffa ke karantarwa a zaurensa, mutanen yankin su matar nan ne. Kullum yana ambaton su yana nema musu rahama. Ga jikarsu tsaye a gabansa, da bakinta da hankalinta, bai ga ta isa ya tambaye ta mene ne wannan ba. Ita kuwa Hausar ta gudu ta bar ta. "Waƙa, Baffa," kawai take maimaitawa, "waƙa, babana."

Ni kaɗai a gidan na san komai dalla-dalla. Ni na ba ta alkamar. Inna ta juyo ta dube ni ta ce, "Ke kinka shiga ɗakin, mi kinka sani?" Jaririyata tana kan cinyata tana numfashi sama-sama, ni kuma tsoro ya kama ni. Ban ce tsafi ne ba, amma abin da na faɗa bai fi shi kyau ba. Cewa na yi, "Ni dai a hidda kayan daga gidan ga." Ina iya cewa ruɗewa ce, kuma na daɗe ina faɗa wa kaina haka. Amma na san matar, na ci abincinta, na san ba abin da ke kan teburin nan sai kewar gida.

Aka haƙa rami a bayan gida aka binne alkamar da ƙwan, Gwaggo ta hana ko akuya ta taɓa. Madubin aka fasa. Littafin kuwa Baffa ya ce wuta ce maganinsa, wutar da ke ci a gidan a lokacin kuma ita ce ta ƙarƙashin tukunyar wankana. Gwaggo ta tura shi ciki da itace. Matar Yaya ba ta yi ihu ba, ta tsaya tana kallo har bangon ya nannaɗe, sannan ta shiga ɗaki ta saki labule. Da la'asar aka yi mini wanka da ruwan nan.

Washegari Inna ta gaji ta ce a kai yarinya asibiti. Cibiya ce ta yi ruwa, aka yi mata allurai, kwana uku ta kama nono. Gwaggo ta koma Rabah tana ba da labarin yadda ta ceci jikarta, wai ana fitar da kayan sai ga sauƙi. Har ta rasu ba ta canza wannan labari ba, kuma ba wanda ya ƙaryata ta. Da Yaya ya dawo ya yi faɗa, amma faɗan a ɗakin Inna ya tsaya, bai kai zaure ba. Kafin damina ya kwashe matarsa suka koma Sakkwato.

Yanzu in ka gan ta ba za ka ce ba a Wurno aka haife ta ba. Tana tuƙa tuwo, tana "munka" da "sunka" fiye da ni, ba biki ba suna da ba a ganinta. Dangi suna yabonta, wai ta zama tamu. Duk lokacin da na ji wannan yabo sai in ji kamar in tashi in bar wurin, don na san da me aka saye shi. Na roƙe ta gafara tuntuni, ta ce ba komai, ta kawo mini shayi, ta canza magana.

Bara na je gidansu na tarar mahaifinta yana jinyar ajali a can ƙasarsu. Aka kira ta a waya don ya yi bankwana da jikokinsa. Babbar 'yarta, wadda ta gama jami'a, ta karɓi wayar ta riƙe da hannu biyu. Ina jin muryar tsohon, siririya, yana magana a hankali yana maimaitawa, yarinyar tana ta cewa, "Na'am, na'am," hawaye na zuba, tana duban uwarta ta fassara mata. Ko kalma ɗaya ba ta ji ba, haka ƙannenta.

Da aka kashe wayar, ni da ba na iya riƙe bakina na ce, "Haba, Anti, ko gaisuwa ba ki koya masu ba?"

Ta ɗago ta dube ni, ba fushi a fuskarta, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

"Da gangan niy yi, ƙanwata," ta ce. "Ina yi ma ɗiyarki waƙa anka ce surkulle na. Ban so a hwaɗi haka ga nawa."