Tarihin Usta Zaglul Nasif, Mai Shinshinar Gwangwani

An haifi Usta Zaglul (Usta laƙabi ne na ƙwararren mai sana'a) a shekarar 1949 a garin Damanhur. Mahaifinsa shi ne Nasif Abdul-Al, mai fentin keken doki, mahaifiyarsa kuwa Sakina ce, 'yar Hajji Bayumi mai sayar da turare. Ƙungiyar masu fentin mota ta layinmu ita ta ɗora wa magatakardanta rubuta wannan tarihi, bisa sharaɗin kada ya tsallake wurin da dukkanmu za mu so a tsallake.

Ƙuruciya da karatu

Ya fara karatun allo yana ɗan shekara biyar, ya shiga firamare a 1955, ya kammala a 1961 ba tare da wata bajinta da malamansa suka riƙe ba. Abin da danginsa suka shaida shi ne baiwar hanci da ya gado daga wajen uwa, domin an ruwaito cewa kakansa yakan rufe masa ido ya miƙo kwalaben turare, shi kuwa ya ambaci sunan kowace ba kuskure.

Sana'a

A 1963 mahaifinsa ya kawo shi Iskandariyya, inda ya yi shekara goma sha ɗaya yana koyon fentin mota, kafin ya buɗe garejinsa a 1974. Ya shahara a aikin man rufi, wato ruwan nan garai-garai da ake fesawa a kan fenti daga ƙarshe domin ya kare shi daga rana da gishirin teku, ya kuma ba shi sheƙi. Da shinshina ɗaya yakan gane man da aka gauraya da wanda ya kwana biyu, har ta kai abokan sana'a na aiko masa da gwangwanayensu kafin su taɓa motar mutum. Yana da kyauta, yana da barkwanci, yana kuma da son a ce ya sani, kuma wannan na ƙarshen ne ya ja masa.

Aure da zuriya

Ya auri Wadida 'yar Usta Rizik maƙeri a 1975, suka zauna a benen da ke saman gareji. Allah ya ba su Fikri a 1977, Samiha a 1980, Ra'uf a 1984, sai Nadiya a 1988. Fikri ne ya bi sana'ar, ya kuma gaji hancin, ya buɗe nasa garejin a ƙarshen layi a 2003.

Shugabanci da al'adar shinshina

An zaɓi Usta Zaglul shugaban ƙungiya a 1996. Wajen 2009 hukuma ta tsananta ka'idojin tsabtar iska a yankinmu, aka hana tsohon man rufi saboda yawan tururin da yake saki, wanda ke cin huhun mai fesawa da na mazauna benayen da ke samanmu, aka wajabta sabo mai ƙarancin tururi. Matsalar ita ce mayukan biyu kamar an tsaga kara suke. Launinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, sheƙinsu a jikin mota ɗaya, kuma in an watsa ruwa haka yake gangarewa a kan kowanne. Ido ba ya raba su, takardar jikin gwangwani kuwa kowa na iya bugawa. Hanci kaɗai ke rarrabewa.

Saboda haka ƙungiya ta kafa al'ada: duk Asabar ta farkon wata, dillalin da ke kawo wa layin kaya zai sauke su a ƙofar Usta Zaglul, a buɗe gwangwani uku, shi Usta ya sunkuya ya shaƙa a gaban jama'a, in ya gyaɗa kai a raba. Muna alfahari da wannan al'ada, har muna yi wa masu fentin wasu unguwanni gori cewa su sai sun nemi na'ura.

Abin da ba mu sani ba shi ne tun 2007 Usta Zaglul ba ya jin ƙanshi ko wari, domin shekaru arba'in da huɗu na fesawa ba tare da rufe fuska ba sun kashe masa hancin. Matarsa ce ta fara ganewa, ranar da tafarnuwar miyar lalo ta ƙone ƙurmus yana zaune kusa da murhu yana karanta jarida. Ta roƙe shi ya faɗa wa 'yan ƙungiya, shi kuwa ya rantsar da ita da Alƙur'ani a kan ta yi shiru, yana cewa mura ce za ta wuce. Haka ya ci gaba da sunkuyawa yana gyaɗa kai, wata bayan wata. Dillalin, wanda ya riga mu lura, ya shiga ɗura tsohon mai cikin sababbin gwangwanaye.

Taron watan Maris na 2012

A wannan Asabar, bayan Usta Zaglul ya gyaɗa kai, ɗansa Fikri ya ɗauki gwangwani guda ya shaƙa, ya ce a gaban mutum talatin: “Baba, ka sake shaƙawa don Allah. Wannan tsohon ne, tun daga bakin titi nake jin warinsa.”

Usta Zaglul ya dube shi ya ce: “Ni za ka koya wa wari, kai da na goge wa majina?”

Jama'a suka kwashe da dariya, magatakarda ma ya yi. Wasunmu sun daɗe suna jin abin da Fikri ya ji, amma tsohon man ya fi saurin bushewa, kuma ba mai son ya zama na farkon da zai ƙaryata dattijo. Aka yi ta jefa wa Fikri cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Da Fikri ya ƙi janye maganarsa, sai aka kaɗa ƙuri'a, mutum ashirin da bakwai suka amince a cire shi daga ƙungiya saboda cin mutuncin shugaba, a kan idon mahaifinsa. Hannun da ke rubuta wannan tarihi shi ya ja layi a kan sunansa a rajista. Bayan wata huɗu Fikri ya rufe garejinsa, ya kwashe iyalinsa zuwa Suwes.

Bayyanar gaskiya da shekarun ƙarshe

A watan Oktoba na 2014 jami'an muhalli suka zo da na'urar awon iska, bayan likitan unguwa ya kai rahoton yawaitar asma a benayen layin. Awon bai ɗauki rabin yini ba. Aka rufe gareji goma sha ɗaya na tsawon wata uku, dillalin ya ɓace, ramin ƙarya kuwa dama ƙurarre ne. Cikin waɗanda ciwon ya kama har da Wadida, wadda tagar kicin ɗinta ke daidai saman bututun hayaƙin gareji.

A taron da ya biyo baya, Usta Zaglul ya miƙe, ya sa aka kawo masa kofi biyu a rufe, ɗaya da fetur ɗaya da ruwan wardi, ya ce: “Ku shaida, 'yan'uwa, ban san wanne ne wanne ba. Shekara bakwai ke nan. Yarona ya yi gaskiya, ni na yi ƙarya.” Ya ajiye shugabanci nan take. Ba wanda ya iya ɗaga kai ya kalle shi, domin kunyar ba tasa ba ce shi kaɗai.

Wadida ta rasu a watan Janairun 2017. Tsakanin 2015 da 2019 Usta Zaglul ya yi tafiya uku zuwa Suwes. Kowane zuwa Fikri yakan sumbaci hannunsa, ya ba shi masauki da abinci, ya raka shi tasha, amma da zarar uban ya ɗauko zancen abin da ya faru sai ɗan ya tashi ya ce zai duba aiki. Tun daga 2014 Usta Zaglul bai sake taɓa bindigar fesa fenti ba, kuma yakan zauna a bakin layi yana raba wa masu fesawa abin rufe fuska, yana yi wa wanda ya ƙi sawa faɗa.

Wafati

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 9 ga Nuwamba, 2021, yana da shekara saba'in da biyu, bayan jinyar huhu ta wata biyar. An yi masa salla bayan la'asar, aka kai shi Damanhur aka binne shi kusa da matarsa. Fikri ne ya wanke shi, shi ya zuba wa likkafanin turare, shi ya saka shi a kabari. Allah ya gafarta masa, ya gafarta mana.

Ya bar jikoki goma sha ɗaya da 'ya'ya huɗu: Nadiya, malamar makaranta, Ra'uf, wanda ke riƙe da garejin, Samiha, ma'aikaciyar jinya, da babbansu Usta Fikri, mazaunin Suwes. A wurin zaman makoki magatakarda ya kai masa rajista a buɗe, da roƙon ƙungiya cewa ya bari a mayar da sunansa. Ya dubi layin da aka ja, ya rufe littafin, ya miƙo shi da hannu biyu, ya ce a bar shi yadda yake domin na baya su gani.