Hannun Maman Auta

A layinsu kowa Baba Keke yake ce masa, har da masu furfura irin tasa. Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa tun yana saurayi. Shagonsa ɗan tsukukun wuri ne a ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran waya da wani kanti da aka garƙame tun bara. Teburi ɗaya, kujeru biyu, gwangwanayen madara cike da kusoshi da kwarkwaro, ga warin man keke da ya kama har labulen ƙofa. Kujera ta biyu ta baƙo ce, amma yanzu jakarsa ce ke wuni a kanta.

Aiki ya ja baya, ba sai an faɗa ba. Mutane sun koma sayen kayan da aka ɗinko a kamfani, teloli kuma sun koma keken lantarki, wanda in ya yi gardama sai a ture shi gefe a sayi wani. Sai Baba Keke ya wuni yana goge sukudirebar da ba ta yi datti ba. In ya koma gida ma ba wata magana, domin matarsa, Maman Auta, ta rasu, 'yarsu ɗaya tilo kuma tana can wani gari tana aikin ɗaukar hoto. Auta suke ce mata tun tana jaririya, wai da sa ran Allah zai ji kunyar sunan ya ƙaro wasu, amma ita kaɗai ɗin dai aka samu.

Tsakaninsa da Auta akwai abin da ba a taɓawa. Maman Auta tela ce, kuma tana da wani baƙin keke mai zanen furanni ruwan zinariya, wanda shi da kansa ya yi ta kula da shi tsawon zamansu. Ko zaman makoki ba a gama watsewa ba ya kira wani ya sayar masa da shi. Ba don komai ba, kallonsa ne ba ya iyawa. Da Auta ta shiga ɗaki ta ga wurin fayau, sai ta tsaya ta daɗe, sannan ta ce, "To, Baba." Shi ke nan abin da ta ce. Tun daga ranar wayarsu ba ta wuce gaisuwa: ya jiki, ya aiki, sai an jima. Abin yana cin sa, wallahi, amma mutumin naka ya fi son ya haɗiye allura da ya buɗe baki ya ce ya yi kuskure.

Maƙwabcinsa mai gyaran waya, wani mai tumbi da baki kamar rediyo da ake kira Injiniya, shi ya gaji da ganin sa yana gyangyaɗi.

"Baba, wannan ilimin da ke kanka, da shi za a binne ka?" in ji shi. "Zo in buɗe maka shafi a intanet. Ka riƙa rubuta wane keke ne mai ƙarko, wace allura ce ba ta karyewa. A ƙarƙashi sai mu sa ɗan wurin latsawa da zai kai mutum wani babban kantin intanet. Duk wanda ya bi ta wurinka ya saya, su ba ka la'ada."

"Au, dillanci ke nan."

"Dillanci ne mana, sai dai ba ka yawo a rana."

Ka ji abin da ya kama tsoho. La'adar ba ta dame shi ba sosai. Abin da ya ja shi shi ne ya samu wanda zai yi wa bayani. Da yatsa ɗaya yake rubutu, tabarau a kan karan hanci, yana yi yana faɗa da wayar kamar tana ji. Ya rubuta yadda ake gane keken da ke tsallake ɗinki, da dalilin da ya sa ba a ɗiga wa keke man girki, komai tsiyar mutum. Sai ga wata mata daga inda bai sani ba ta rubuto tana tambaya me ya sa zarenta ke cukurkuɗewa ta ƙasa. Ranar Baba Keke har shayinsa ya huce bai sani ba, yana can yana ba ta amsa mai tsawo kamar wasiyya.

Hotuna kuwa, ai abin ya zo masa da sauƙi. In yana son hoton almakashi, sai ya nema a intanet, ya ga wanda ya yi masa kyau, ya kwafo ya manna. A tunaninsa abin da ke a fili na kowa ne, kamar inuwar bishiyar bakin titi. Hoto ɗaya ne kawai bai kwaso a waje ba, wanda ya sa a can saman shafin: baƙin keken Maman Auta a bakin taga, rana ta sauka a kan furanninsa. Auta ce ta ɗauka lokacin tana koyon aiki, ta turo masa tun uwar na da rai. A asalin hoton akwai hannun Maman Auta a kan wilin keken. Wannan hannun ya sa Injiniya ya yanke masa, ya ce wai hoton kaya ba a sa mutum a ciki. Injiniya ya dube shi ta gefen ido, ya yanke.

Ana nan sai ga saƙo daga kantin da yake wa dillanci. Wani mai ɗaukar hoto ya kai ƙara, ya ce an ɗauki hoton almakashinsa ba izini. Saƙon bai yi zagi ba, amma bai yi wasa ba: kafin ƙarshen wata, kowane hoto da ke shafin ya zama ko dai cikin waɗanda kantin ya ba dillalansa, ko wanda mai shafi ya ɗauka da kansa, ko wanda aka samu rubutaccen izinin mai shi. In ba haka ba za su yanke hulɗa da shi, su kuma kai maganar ga masu riƙe da shafin a rufe.

Baba Keke ya yi tsalle ya dire. "Ni ɓarawo? Almakashin na ɗauka ko hotonsa? Ai yana nan a wurinsa!"

"Baba, in wani ya shigo ya kwashe bayanan da ka rubuta ya sa sunansa, ya za ka ji?" in ji Injiniya.

"In ci mutuncinsa mana."

"To shi ma abin da ya ji ke nan."

Tsoho ya kama ƙunƙuni, don ya san an kama shi. Kuma tsoro ya shige shi sosai. In aka rufe shafin, matar nan mai zare da sauran masu tambaya duk sun tafi, ya koma goge sukudireba.

Haka ya zauna ya goge hotunan mutane ɗaya bayan ɗaya. Na kekunan da ba ya da su ya ɗauko a na kanti, farare fes, ba rai ba ɗumi, amma dai halal ne. Na ƙananan kaya kuwa ya ce shi zai ɗauka. Kai, an sha kallo! Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburi a bakin ƙofa da safe, ya jera allurai da kwalbar mai, ya ɗaga waya ya fara ɗauka. Na farko babban yatsansa ne ya fito. Na biyu tumbin Injiniya ne, ya leƙo ba a gayyace shi ba. Daga baya ya gano dabarar jingina wayar da gwangwanin kusoshi, hotuna suka fara fitowa garau, har ya riƙa tare masu wucewa yana nuna musu.

Saura hoto ɗaya, na sama.

"Wannan wa ya ɗauka?" Injiniya ya tambaya.

"Auta."

"To sai ka nemi izininta."

"Izinin me? Keken matata ne, a ɗakina, a bakin tagata!"

"Duk na ji. Amma wanda ya ɗauki hoto shi ne mai hoto. Kuma ita sana'arta ce ma. Ko ka samo izini a rubuce, ko ka cire."

Cirewa dai ba zai iya ba. Keken ya tafi, mai keken ta tafi, wannan hoton ne kaɗai abin da ya rage, kuma shi yake fara gani kullum in ya buɗe shafin. Neman izinin kuma yana nufin ya ambaci keken a gaban Auta, abin da bakinsa bai taɓa yi ba tun ranar "To, Baba". Ya yi ta jan ƙafa. Ya rubuta saƙo ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Injiniya na wucewa yana ce masa, "Baba, wata fa ba ya jiran kowa," shi kuma yana ce masa ya je ya ji da wayoyin mutane.

Wata la'asar, layin ya yi tsit, ya ga dai ba makawa, ya kira ta. Suka gaisa yadda suka saba. Da aka zo wurin sai an jima, sai ya yi gyaran murya.

"Auta, dama akwai wata 'yar magana. Na buɗe wani shafi ne a intanet, na harkar kekuna."

"Na sani, Baba."

"Kin sani?"

"Ina karantawa. Har na man girkin na karanta."

Shi da yake zaton baƙi kaɗai ke leƙawa, ashe 'yarsa na can tana bin sa layi layi, ba ta taɓa ko tari ba. Daɗi da kunya suka haɗu suka rufe shi. Da ƙyar ya lallaɓa ya yi mata bayanin saƙon kanti, da ƙarshen wata, da batun izini a rubuce.

"Hoton keken ne," ya ce. "Na mamanki. Ke kika ɗauka, an ce sai kin yarda."



"Wannan da ka sa ba hotona ba ne, Baba," in ji ta. "Nawa da hannun Mama a ciki."

"Ai an ce hoton kaya ba a..." Sai ya tsaya. Injiniya ake yi wa wannan zancen, ba Auta ba. Ya cire tabarau ya ajiye a kan teburi. "Ba na iya kallo ne, Auta. Keken ma abin da ya sa ke nan. Ban tambaye ki ba, kuma ya kamata in tambaye ki."

Ya ji tana jan numfashi, ya ji ƙarar mota ta wuce a can inda take.

"Da ka faɗa mini haka tun lokacin," ta ce. "Ni na zaci kawar da ita kake yi."

Ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai roƙa ba. Ta ce tana da aiki, ana jiran ta, za ta turo. Kafin ya rufe shago saƙo ya shigo, gajere, irin na masu sana'a: ta ba shi izinin amfani da hoton a shafinsa, da sharaɗin a sa shi cikakke yadda ta ɗauka, ba yanka, a kuma rubuta a ƙasa cewa 'yarsa ce ta ɗauka. Ta haɗo da asalin hoton.

Bai kira Injiniya ba. Shi kaɗai ya yi ta fama da yatsa ɗaya har hoton ya hau. Sannan ya ɗauke jakarsa daga kujerar baƙo, ya jingina wayar a wurin, ya zauna yana fuskantar ta.

Ga hannun nan a kan wili, da ɗan zoben azurfarta, da guntun zare maƙale a hannun riga. A babban yatsa akwai filasta. Ya manta da wannan sam, sai yanzu ya tuna: allura ce ta soke ta da safen, shi ya naɗa mata, a karkace, tana yi masa tsiya wai mai gyaran keke bai iya gyaran mutum ba. Baba Keke ya yi kuka a shagon nan, shi kaɗai, ba wanda ya gani sai gwangwanayen kusoshi.

Shafin bai rufu ba. Har yau in ya buɗe shago da safe, sai ya haɗa shayi, ya buɗe wayar, hannun ne abin da ke fara tarbar sa, kuma ba shi da izinin kawar da shi. Wata rana matar nan mai zare ta rubuto a ƙarƙashin hoton tana tambaya hannun wa ne wannan. Ya daɗe da yatsa a sama kafin ya rubuta mata: "Na matata ne. 'Yarmu ce ta ɗauka."