Hancin Balkisa da Kofi na Biyar

Wanda ya san matan Damagaram ya san ba a raba su da turare. To, Balkisa ƴar Hajiya Husainatu mai humra ta yi shekara biyu cur a Lyon ko ɗigon turare bai taɓa jikinta ba. Kuma saboda me? Saboda giyar da ba ta taɓa kai wa bakinta ba.

Karatun kimiyyar abinci ya kawo ta Faransa. Da ta gama a 1994, aikin da ya samu shi ne na ɗakin gwaji a wani kamfani mai shigo da giya daga Beljiyam da Jamus da Ingila, yana kuma sayen ta ƙananan masu dafawa na karkara. Nata awo ne da na'ura: tsami, kumfa, ƙwayoyin da ke ɓata kaya. Aikin na wucin gadi ne, takardar zamanta kuwa a kansa take rataye. In ba a mai da shi na dindindin ba kafin ƙarshen Yulin 1996, sai gida.

Abin da kamfanin bai sani ba, ya ɗauki hanci ne na gado. Tun tana ƴar shekara bakwai uwarta ke rufe mata ido da ɗankwali, ta ɗiga mata abu a bayan hannu, ta ce ta jira ya sha iska kafin ta shinshina. Da haka ta koyi raba kayan haɗin turare: sandal da hawi, farce da gajiji. Wata rana Karim, abokin aikinta da suke hawa bas ɗaya daga Vaulx-en-Velin, ya ji ta ce wata koriyar kwalba ta sha rana a hanya. Ya yi dariya, ya jera mata kofuna ba suna. Ta ɗiga a bayan hannu, ta jira. Ta ce wannan ta Jamus ce, ayaba da kanumfari. Wannan baƙar ta Ingila, kamar gero ya ƙone a tukunya. Wannan farar ta Beljiyam, ɓawon lemo. Ba ta kuskure ko ɗaya ba, sannan ta je ta wanke hannu har gwiwa don alwala.

Labari ya kai ga patron, wato maigidansu a wurin aiki, Mushe Perrin, mutum mai daɗin baki kamar dillalin mota. Daga ranar duk kayan da aka sauke sai Balkisa ta shinshina. Ya kafa mata doka: ba turare, ba sabulu mai ƙanshi, kada hancin ya dushe. Ta naɗe kwalbar humrar da uwarta ta haɗa mata da hannunta, ta tura ƙasan akwati. A gidajen suna matan Nijar suna gaisawa da ita suna taɓe baki a bayanta, wai ƴar mai humra ga ta fayau kamar wankin asibiti, wai ai an san inda take aiki. Ta shanye duk wannan, tana jiran takarda.

A watan Mayu aka ce wanda zai samu gurbin dindindin sai ya ci jarrabawar ɗanɗano a babban biro, wato ofishin kamfanin na Paris. Ta tuna wa Mushe Perrin tun a jirgin ƙasa.

“Mushe, ka dai san ba na sha.”

“Kada ki damu, madmazel, ina wurin,” in ji shi.

Yana wurin kuwa, kamar kujera. An jera wa kowa kofi takwas da takarda mai gida uku: launi, ƙanshi, ɗanɗano. Ka ji inda gizo ke saƙar: a wajen masu giya ba a tofarwa kamar yadda masu ruwan inabi ke yi, wai ɗacinta sai a maƙogwaro ake jin sa, dole a haɗiye. Mutum goma sha biyu suka yi ta haɗiya suna lumshe ido. Balkisa tana ɗigawa a bayan hannu, tsakanin kofi da kofi tana shaƙar gefen mayafinta don hancin ya huta.

A kofi na biyar ta tsaya. Giyar wani ƙaramin mai dafawa ce da kamfanin ke shirin bazawa a shaguna. Can ƙarƙashin ƙanshin ta jiyo man shanu da ya fara juyawa, da wani siririn tsami. Ta sake ɗigawa, ta jira. Ta rubuta da manyan baƙaƙe: wannan ta kamu, kada a fitar da ita.

Shugaban jarrabawar, wani dattijo mai jan hanci, ya ɗaga takardarta da yatsa biyu.

“Madmazel, gida na uku fa? Kurɓi ɗaya ne kawai.”

“Ba na sha, Mushe. Amma don Allah ku duba na biyar.”

Ya kurɓi na biyar, ya haɗiye, ya ce ai wannan ita ce sarauniyar tebur. Balkisa ta dubi Mushe Perrin. Mutumin nan da ya ci moriyar hancinta shekara biyu ya dage yana kallon taga, sai ka ce yau ya fara ganin Paris. Aka ture takardarta gefe, wai ba a cika ta ba. Gurbin aka ba wani saurayi da ya ba na biyar maki mafi yawa. Ta koma Lyon ita kaɗai, takaici ya hana ta ko kuka.

Zafin Yuli na shigowa kwalaben giyar nan ta kofi na biyar suka fara fashewa a shaguna. Wadda ba ta fashe ba, ana buɗewa take tsiri har rufi. Karim ne ya gaya mata, yana zagin kamfanin tun daga sama har ƙasa.

Ranar Talata da hantsi tana haɗa kaya, jirginta na Yamai jibi, hannunta ya kai ga kwalbar humra. Ta kwance, ta shafa a wuya da bayan kunne. Ta hura gawayi a ɗan kasko, ta zuba turaren wuta. Ɗakin na cika da hayaƙi tarho ya yi ƙara. Mushe Perrin ne, murya kamar zuma, wai sito cike yake da kayan da ba su yarda da su ba, ko za ta zo ta shinshina musu, kwana biyu kawai.

“Takardar aikin fa, Mushe?”

“Ah, wannan kam ya fi ƙarfina.”

“To, ni ma na sa turare da safen nan,” in ji Balkisa. “Ku kira mai haɗiyewa.”

Ta ajiye kan tarhon. Ta ƙara turare a wuta, ta ɗauko mayafin da za ta sauka da shi gaban uwarta, ta baza shi a kan kaskon.